Haƙora Shidan da Muka Ƙara wa Keken Malam Sallau

Duk wanda ya taɓa gaida Malam Sallau Mai Alayyahu a hawan lambu ya san amsar da ake samu. Ƙararrawa! Ka ce, "Malam, ina kwana," kirrin. Ka ce, "Malam, ya iyali," kirrin. Ni da ba na rasa abin tsokana, wata rana na tsaya a bakin hanya na ɗora hannu a ka na ce, "Malam, gidanka ya kama da wuta!" Wallahi ko kallona bai yi ba. Kirrin! Sai da ya gama hawan tsaf, ya jingina kekensa da mangwaron da nake guga a ƙarƙashinsa, ya share gumi da hula, sannan ya ce, "Tanko, da gaskiya ne da ba kai za a aiko ba."

Ku da kuka san shi kun san dalilin shirun. Daga bakin rafi inda lambunsa yake zuwa titin Samaru hawa ne, ba tsauni ba ne, amma yana cin gwiwa. To Malam Sallau fedar kekensa ita ce carbinsa. Kowane juyi tasbihi ɗaya. Subhanallahi talatin da uku, Alhamdu lillahi talatin da uku, Allahu Akbar talatin da uku, ta casa'in da tara ta dire shi daidai gindin mangwarona. Tun yana saurayi ya auna abinsa. Kwanduna biyu a kariyar bayan keke, alayyahu da latas da kabeji, kullum safiya har kasuwar Sabon Gari. Kuma babban kirarinsa a duniya shi ne, "Shekara arba'in, ƙafata ba ta san ƙasar hawan nan ba."

Ni ne dai Tanko Mai Guga, wanda ya ƙona wa rabin ɗaliban Samaru riguna ya ce musu sabon yayi ne. A aji biyu na yi sallama da boko, malaminmu har godiya ya yi mini. Keke kuwa sau ɗaya na taɓa hawa, na Malam Sallau ɗin, kwatami ya karɓe ni hannu bibbiyu. Da aka ciro ni, keken ya fara dubawa. Ya shafa shi daga kai har kariya, ya ce, "Alhamdu lillahi, ba abin da ya samu Dattijo." Sunan keken ke nan, Dattijo. Na ce, "Malam, ni fa?" Ya ce, "Kai ai kana da iyali, su duba ka."

Mai kula da lafiyar Dattijo mutum ɗaya ne, Sunday mai gyaran keke a Sabon Gari. Kakansa ya zo daga kudu da aikin jirgin ƙasa, shi a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Malam Sallau bai taɓa kiransa Sunday ba. Ya ce wanda aka haifa ran Lahadi Danladi ne, ko uwarsa ta yarda ko ba ta yarda ba. Sunan kuwa ya bi shi, har matarsa ta koma kiransa haka.

Ina nan zaune wata rana Danladi ya zaro tiyub ɗin tayar baya, ya ɗaga shi sama yana juyawa kamar mai duba fatar layya. Ya ce, "Malam, wannan ba tiyub ba ne. Faci ne aka yi wa ado da ɗan tiyub."

"Yana riƙe iska?"

"Yana riƙewa zuwa la'asar."

"To ni bayan la'asar ina za ni? Ƙara masa ɗaya."

Haka aka yi ta tafiya har shekaru suka zo karɓar nasu. Ni na fara lura. Da can sai dai in ga hularsa ta ɓullo daga gangare a miƙe kamar an ja zare. Sai na fara ganin Dattijo yana tafiyar maciji, ya je wannan gefen ya dawo wancan. Malam ya tashi daga kan sirdi ya tsaya a kan feda, jijiyoyin wuya sun fito, kwanduna suna rawa a baya. Ya iso gindin mangwaro ya kasa zagina. Ranar da Malam Sallau ya zauna a bencina har minti goma bai ce mini "tsohon banza" ba, na san abin ya yi nisa.

Labari ya kai wa 'yarsa Hajara, wadda ke aikin jinya a Kaduna. Yarinyar kirki, amma ta gaji taurin kan nan ba ragi. Ta zo da sabon keke mai giya a bayan mota, mai walƙiya, wayoyi ko'ina. Malam ya zagaya shi sau biyu, hannu a baya. Ya ce, "Wannan na 'yan makaranta ne. Keken da zai riƙa canja ra'ayi a tsakiyar hanya? Ya ɓata mini lissafi? Mayar musu da abinsu."

Ku riƙe maganar lissafin nan. Da kunnena na ji ta, amma kan aji biyu bai ɗauka ba.

Hajara ta ce, "To shi ke nan, Baba. Amma ranar da aka gan ka ka sauka kana tura keke a hawan nan, ko ka faɗi, zan zo in kwashe ka da kayanka mu tafi Kaduna. Ga ɗaki can na gyara maka a sama, ga fanka, ga talabijin."

Maimakon ya lallaɓa ta, sai ya bugi ƙirji. "Na yarda! Ranar da ƙafata ta taɓa ƙasa, ki zo ki ɗauke ni kamar buhu. Tanko shaida ne."

Ta juyo gare ni. "Baba Tanko, amana na ba ka. Kuma Asabar ta sama zan zo da kaina in tsaya a nan in gani da idona."

Jama'a, kun ga inda aka saka ni? In na ɓoye, na ci amanar yarinya. In na faɗa, an ɗauke mini abokin shekara arba'in an kai shi saman bene. Malam Sallau a ɗakin sama, ba lambu, ba rafi, ba wanda zai zaga? Ai kafin wata uku sai ya bushe kamar alayyahun jiya. Ni kuma wa zai riƙa shan mini koko yana kushe shi?

Shi ma a ransa ya san Asabar ɗin nan ba ta wasa ba ce. Ya ja ni muka je wajen Danladi, wai ya zo da dabara. Ya nuna babban faifan haƙoran nan na wajen feda, wanda ke jan sarƙa, ya ce, "Danladi, cire wannan ka sa mini wanda ya fi shi girma. Babban abu shi ne ƙarfi."

Danladi ya riƙe baki. "Malam, in na yi haka ko bakin rafin ba za ka bari ba. Na gaba in ya ƙara girma, feda nauyi take ƙarawa. Na baya ake ƙara wa girma." Ya buɗe ɗan murfin da ke wajen tayar baya ya nuna mana ƙaramin faifan da ke ciki. "Wannan haƙoransa goma sha takwas ne. In na sa maka mai ashirin da huɗu, feda za ta yi laushi. Za ka fi juyawa da yawa, tafiya ta ragu, amma gwiwa ta huta."

"Wato in yi ta wutsil-wutsil da ƙafa kamar kaza a ruwa?"

"Tuwon fa ɗaya ne, Malam. Mai haƙora ya yi manyan loma, marar haƙora ya yi ƙanana, kowa ya ga ƙasan kwano."

Innalillahi! Ina ma bai kawo zancen haƙora ba. Malam Sallau a lokacin huɗu suka rage masa, biyu ma ba sa ga maciji da juna. Ya miƙe ya kama kan kekensa. "Ni kake kira marar haƙora? Dattijo da goma sha takwas aka haife shi, da su zai mutu. Duk wanda ya taɓa mini faifai, ni da shi har gaban alƙali!"

Ya tafi. Danladi ya dube ni, na dube shi. Shi ya fara yin murmushi, ina so a rubuta wannan, ba ni ba ne.

Kun san al'adar layin nan na Sabon Gari. Ran Juma'a masu kekuna a rumfar Danladi suke barin su su wuce masallaci, tunda shi ba ya zuwa, shi ke gadi. Ran Lahadi kuma in ya tafi coci, mai shayin kusa da shi ke duba masa rumfa. To sa'ar sallar Juma'ar nan ce kaɗai Malam Sallau ke rabuwa da Dattijo a mako. Kuma Allah ya taimake mu, Dattijo irin kekunan da ne, sarƙarsa a rufe take ruf cikin murfin ƙarfe, ba a ganin abin da ke ciki. Danladi ya ce aikin ba wuya: ya cire taya, ya kwance tsohon faifai, ya ɗaura sabo, ya ƙara wa sarƙa 'yan gaɓoɓi don ta kai, ya ɗan bubbuga murfin daga ciki don faifan ya sami wuri. "Amma huɗuba da salla ba za su ishe ni ba. Ka riƙe mini shi ko da rabin awa."

Ana sallame salla Malam ya nufi takalmansa. Na kama hannun rigarsa na ce, "Malam, akwai ta'aziyya a bayan nan, bai kamata mu wuce ba."

"Wa ya rasu?"

"Mutumin kirki."

"Wane ne?"

"Kai dai zo."

Dama da safe na hango tabarmi a wata ƙofa. Muka je muka zauna cikin mutanen da ban taɓa gani ba tun da uwata ta haife ni. Suka ga furfura da rawani a kafaɗa, suka ce Malam ya yi addu'a. Ya kuwa gyara zama ya yi ta, mai tsawo, har wani ya fashe da kuka. Muna fitowa ya ce, "Tanko, mamacin nan namiji ne ko mace?" Na ce, "Malam, addu'arka ta ishi kowanne."

Saura abu ɗaya. Yana taka feda zai ji bambanci, dole a samar wa bambancin uba. Da ma na shirya. Na zaro ƙullin leda daga aljihu, na rage murya, na ce wani tsohon maharbi ne daga can ƙauyukan Giwa ya ba ni, maganin gwiwa, ba a ba kowa. Gaskiyar magana garin kuka ne da citta da 'yar kanwa, daga kwandon kayan miyar matata Lami na ɗebo tana wanka. Ya shinshina. Ya lasa. Ya ce, "Kamar miyar gidanka." Na ce, "Ai duk ganye dangin juna ne."

Muka iso rumfa, Danladi na zaune yana goge hannu da tsumma, fuskarsa kamar ta liman. Malam ya hau, ya taka sau ɗaya, sau biyu. Ya waiwayo ya dube mu. Sai ya ce, "Kai! Tanko, maharbin nan yana da saura?"

Asabar da sassafe Hajara ta ajiye mota a gefen mangwaro, ta harɗe hannu, ta kafa wa gangaren ido. Ni kuma ina guga, ko in ce ina ƙona wandon wani ɗalibi, don sai da na ji ƙauri na tuna da dutsen guga a hannuna yake. Can sai ga hula ta ɓullo. A miƙe! Mutumin nan yana zaune daram a kan sirdi, ƙafafu na juyawa shar-shar, kwanduna cike har baki, leɓe na motsi. Ya fi yadda ya saba daɗewa, har na fara salati a zuci, amma bai karkace ba ko sau ɗaya. Wata mai kosai ta gaishe shi, kirrin! Ya iso, ya sauka a hankali kamar hakimi, ya ciro daurin latas ya miƙa wa 'yarsa. Ya ce, "Ki gaida mutanen Kaduna."

Hajara ta dube ni ta gefen ido. "Baba Tanko, me kuka ba shi?"

Na ce, "'Yata, addu'a ce da koko."

To amma kowane gyara da ɓarnarsa. A hawa Dattijo ya zama doki, a miƙaƙƙen titi ya zama kunkuru. Daga Samaru zuwa Sabon Gari za ka ga ƙafafun Malam suna gudu kamar na tela ana gobe Salla, keken kuwa yana tafiyar amarya. Masu baro suna wuce shi. Wata mai sayar da abinci da ke sayen latas ɗinsa ta ce, "Baba, yanzu sai rana ta yi tsaka kake zuwa, lafiya?" Ya ce, "Ƙarfi ne ya yi mini yawa, 'yata. Ina tausaya wa keken ne."

Bai tsaya nan ba. Ya bi majalisa majalisa yana tallar maganin Tanko. Kafin mako biyu tsofaffin Samaru sun yi layi a gindin mangwarona, kowa da sandarsa, kowa da gwiwarsa. Na rasa yadda zan yi, na ci gaba da ɗibar kayan miya. Ranar da Lami ta ɗora tukunya ta tarar ba kuka, da muciya ta biyo ni har titi tana cewa, "Yau sai ka nuna mini maharbin nan!" Abin da ya fi ɗaure mini kai, mutum biyu sun dawo sun rantse mini ya yi musu aiki. Ɗaya ma har ya kawo mini zabuwa.

Shekara shida Malam Sallau ya ƙara yana hawan nan. Shekara shida ina shan zagi da koko kowace safiya, kuma ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba har ranar da ciwo ya kwantar da shi a zaurensa bara. Ni da Danladi muka riƙe sirrinmu, muna ganin mu ne masu wayon Zazzau.

Kwana uku kafin rasuwarsa na je bayan la'asar. Yana kwance a tabarma, Dattijo na jingine a bango inda idonsa zai riƙa kai wa. Hajara na gefe tana masa fifita. Ya rame, amma bakin yana nan.

Ya ce, "Tsohon banza, zauna. Casa'in da tara a ƙara talatin da uku, nawa ke nan?"

Na ce, "Malam, ka san ni da lissafi ba ma gaisawa."

"Shi ya sa ka zaci kowa haka yake. Ran Asabar ɗin da Hajara ta zo ta tsaya, na gama Allahu Akbar ta ƙarshe, na ɗaga kai in ga mangwaro, sai na hango shi can gaba. Na ce ikon Allah, hanya ba ta ƙara tsawo ba, mangwaro ba ya tafiya. Na ci gaba da ƙirga. Talatin da uku cif suka ƙaru. Garin kuka yana ƙara wa hanya tsawo ne, Tanko?"

Hajara ta ajiye maficin ta ce, "Baba Tanko! Ashe keken kuka taɓa?" Ta rufe fuska da mayafi, ban sani ba dariya take ko kuka, ina jin duka biyun ne.

Na ce, "To Malam, shekara shida, me ya hana ka magana?"

"In na yi magana sai na gode maka. Ni kuwa da in gode maka gara Kaduna." Ya yi tari, ya huta. "Kuma kukar Lami tana da daɗi a koko."

"Talatin da ukun da suka ƙaru fa, me kake karantawa a cikinsu?"

Ya ɗaga yatsu uku. "Na raba su. Goma sha ɗaya ina roƙa wa Danladi albarka a hannunsa, don aikin ya yi kyau, ko ƙara sarƙar ba ta yi. Goma sha ɗaya ina nema wa kaina gafara, da na ga ƙarya na hau ta na yi ta tuƙawa. Goma sha ɗaya kuma naka ne."

Na ce, "Nawa?"

"Naka. Na san ba za su ishe ka ba, amma iyakar abin da hawan ya bayar ke nan."

Da na kai wa Danladi labarin, ya ajiye sifana ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Sannan ya shiga cikin rumfa ya ɗauko tsohon faifan nan mai haƙora goma sha takwas, ashe yana nan ya adana shi cikin tsumma, ya ba ni. Yana kan teburin gugata yanzu, da shi nake danne kaya kada iska ta kwashe.

Ni dai har yau ban iya keke ba, kuma na haƙura. Amma kowace safiya nakan gangara bakin rafi da ƙafa in hawo a hankali, carbi a hannu, ina biyan talatin da ukun nan, duka nasa, ban raba da kowa ba. In kun gaishe ni a hanyar ban amsa ba, ku yi haƙuri, ba ni da ƙararrawa ne.

Allah ya jiƙan Malam Sallau, ya yafe masa, ya karɓi tasbihin da ya shuka a hanyar nan juyi bayan juyi. Ya Allah, mu da dabararmu haƙora shida kawai muka iya ƙara masa. Hawan da ya rage a gabansa, Kai ka sassauta masa shi, ka dire shi a inuwar da ta fi ta mangwarona sanyi. Amin.